Darasi na Tara: Tallafin Man Fetur, Kuɗin Wa Ne, Kuma Wa Ya Ci Moriyarsa?

A wannan darasi za mu koyi abin da ake nufi da tallafin man fetur, da yadda ake lissafa shi, da dalilin da ya sa gwamnatoci da yawa a duniya suke biyansa. Za mu kuma duba abin da ya faru a Najeriya lokacin da aka cire shi. Ku tanadi biro da littafi, domin akwai lissafi a ciki, kuma lissafin shi ne ƙashin bayan darasin.

Mu fara daga gida. Unguwar Jakara tana tsakiyar birnin Kano, maƙwabciyar Kasuwar Kurmi wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa tun ƙarni na 15. A zamanin da, jaki da raƙumi da ɗan dako su ne suke shigo da kaya kasuwar. Yau fetur ne yake yin wannan aiki. Mai A Daidaita Sahu da ke ɗauko fasinja daga Ƙofar Mata ko Ƙofar Wambai da fetur yake tafiya. Mai injin markaɗe da ke niƙa wa masu ƙosai wake da asuba da fetur yake tayar da injinsa. Tela, da mai aski, da mai cajin waya, da mai sayar da ruwan sanyi, duk ƙaramin janareta suke kunnawa idan an ɗauke wuta. Mai rijiyar burtsatse da 'yan garuwa suke layi a ƙofarsa sai ya sayi mai kafin ruwa ya hau tanki. Idan kuka bi kogin Jakara bayan ya fita daga ganuwa, za ku tarar da masu lambu suna ban ruwan latas da kabeji da alayyafo da injin da fetur yake sha. Saboda haka ko mutum bai mallaki keke ba, farashin fetur yana cikin kuɗin ruwansa, da na markaɗensa, da na miyarsa.

Yadda tallafi yake aiki

Kowace litar fetur tana da ainihin kuɗin da ta ci kafin ta iso gidan mai: kuɗin ɗanyen mai, da na tacewa, da na jirgin ruwa, da na sauke kaya da ajiya, da na tankar da ta ɗauko shi zuwa Arewa, da ribar dillali. Idan gwamnati ta ce kada a sayar da lita sama da wani farashi, alhali wannan farashin bai kai abin da litar ta ci ba, dole wani ya cike giɓin. Gwamnati ce take cikewa daga baitulmali. Wannan cikon shi ne tallafi.

Ga misali na ƙiyasi don mu gane. A ce lita ta tsaya a kan naira 500 kafin ta iso famfo, gwamnati kuma ta yanke a sayar naira 200. Cikon kowace lita naira 300 ke nan. Idan ƙasa tana shan lita miliyan 60 a rana, ku ninka 300 sau miliyan 60. Amsar ita ce naira biliyan 18 a kowace rana ta Allah. Ku lura da abu biyu. Na farko, gwamnati ba ta da iko da farashin ɗanyen mai a kasuwar duniya, kuma da dala ake sayen fetur daga waje. Duk lokacin da ɗanyen mai ya tashi ko naira ta faɗi, cikon yana ƙaruwa ba tare da kowa ya zauna ya yanke hakan ba. Na biyu, a kan adadin lita ake biya. Wanda ya iya rubuta cewa ya shigo da lita fiye da abin da ya kawo a zahiri, ya samu hanyar cin kuɗin jama'a. Ku riƙe wannan na biyun, za mu dawo kansa.

Yadda aka faro

A shekarun 1970 kuɗin mai ya shigo wa Najeriya da yawa. A 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka tsayar da cewa farashin fetur ya zama ɗaya a duk faɗin ƙasa, wato mutumin Kano ya saya daidai da na Legas duk da nisan da ke tsakaninsa da teku. A 1975 aka kafa asusu na musamman da ke biyan bambancin kuɗin dakon mai zuwa wurare masu nisa, a 1977 kuma aka yi dokar ƙayyade farashi wadda fetur yake cikin kayan da ta shafa. Niyyar mai kyau ce: ƙasa tana da arzikin mai, ya kamata ɗan ƙasa ya ɗanɗana.

A lokacin nauyin bai yi yawa ba, domin motoci kaɗan ne kuma ana tace mai a gida. An buɗe matatar Fatakwal a 1965, ta Warri a 1978, ta Kaduna a 1980, sannan ta biyu a Fatakwal a 1989. Idan duka huɗun suna aiki yadda aka gina su, suna iya tace ganga 445,000 a rana. A wancan lokaci daga Kaduna ake turo mai ta bututu zuwa daffon Hotoro a nan Kano. Amma rashin gyara da rashin amana suka durƙusar da matatun, har muka wayi gari muna sayar da ɗanyen mai ga Turai, mu kuma sayo tataccen daga gare su da dala. Daga nan tallafi ya tashi daga ɗan rangwame ya koma babban bashin da ake biya kullum.

Manya daga cikinku sun ga ƙarin farashi iri-iri. Lita ta kai kobo 39 da rabi a 1986 zamanin Babangida, ta kai naira 11 a 1994 zamanin Abacha. Ƙarin na Abacha ya bar darasi. An ware wani ɓangare na kuɗin da aka samu aka zuba a asusun PTF, wanda Janar Muhammadu Buhari ya shugabanta, kuma jama'a suka ga magani mai tambarin PTF a asibitoci, suka ga an gyara tituna da makarantu. An yi ƙorafi a kan yadda aka tafiyar da asusun, amma har yau idan aka yi zancensa a majalisa za ka ji wani dattijo ya ce, ai wannan mun gani a ƙasa. Mutane suna iya jure ƙari idan sun ga abin da aka yi da kuɗin.

An cire tallafin man gas, wato dizal da manyan motoci suke sha, tun 2003. Na kananzir kuma an cire shi a 2016. Na fetur ne ya yi saura, shi ne kuma ya fi kowanne tsada.

Wa ya fi cin moriya?

A nan ne ya kamata mu daɗe. A shekarar 2022 kaɗai, kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya ce ya kashe naira tiriliyan 4.39 wajen tallafin fetur, kimanin dala biliyan 10 a canjin wancan lokaci. Wannan kuɗi ya fi abin da gwamnatin tarayya ta ware wa lafiya da ilimi a haɗe a kasafin wannan shekara. Kasafin jihar Kano gaba ɗaya na 2022 bai kai naira biliyan 250 ba. A mafi yawan watannin shekarar NNPC bai zuba komai a asusun da tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi suke rabawa ba, domin tallafi ya cinye.

Ku raba tiriliyan 4.39 ga mutum miliyan 220. Kowane ɗan Najeriya, har da jaririn goye, zai samu kusan naira 20,000. Gida mai mutum goma ya samu naira 200,000 a shekara. To, haka aka raba? A'a. Tallafin fetur tamkar walima ce da ake zuba wa kowa abinci gwargwadon girman kwanon da ya zo da shi. Mu koma ga ƙiyasinmu na naira 300 a kowace lita. Attajiri mai motoci da babban janareta, wanda gidansa yake ƙona lita 100 a mako, gwamnati tana biya masa naira 30,000 kowane mako, sama da naira miliyan ɗaya da rabi a shekara. Mai ɗan babur da ke shan lita 5 a mako ana biya masa naira 1,500, wato naira 78,000 a shekara. Gwauruwar da ke cikin lungu tana tuyar masa, ba ta da mota ba ta da janareta, babu ko kobo da yake isa hannunta kai tsaye. Binciken da masana na Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka yi a ƙasashe masu tasowa ya nuna cewa kashi 20 cikin 100 na gidajen da suka fi wadata suna kwashe ninki shida na abin da kashi 20 na mafi talauci suke samu daga tallafin mai.

Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma gaskiya ce. Sai dai masu kawo ta sau da yawa suna tsayawa a nan, su manta da rabin maganar. Attajirin nan idan an cire tallafi zai yi tsaki ya biya, ba abin da zai ragu a tukunyarsa. Mai tuyar masa kuwa, ɗan abin da take samu ta bayan fage shi ne araha a kuɗin markaɗe, da kuɗin ruwa, da kuɗin mota zuwa asibiti, da farashin shinkafar da take saya. Kaɗan ne idan aka auna da na attajiri, amma babban kaso ne na abin da take rayuwa a kai. Wanda ya fi samu daban, wanda ya fi jin zafin rashi daban. Ɗalibin da ya riƙe waɗannan abubuwa biyu tare ya fahimci darasin nan.

Akwai kuma maganar da talakan Najeriya ya daɗe yana yi, cewa arahar fetur ita kaɗai ce abin da yake samu daga gwamnati. Ba wuta, ba ruwan famfo, asibiti sai ka sayi safar hannu da allura. Ba daidai ba ne a kira mai wannan magana jahili. Ya yi lissafinsa ne bisa abin da idonsa ya gani.

Abin da 2012 ta tona

Ranar 1 ga Janairu 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Gwamnan Babban Banki na lokacin, Malam Sanusi Lamido Sanusi, wanda daga baya ya zama Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II, yana cikin waɗanda suka fito fili suka ce ƙasa ba za ta iya ci gaba da ɗaukar wannan nauyi ba. Jama'a ba su karɓa ba. A Kano matasa suka mamaye dandalin Silver Jubilee suna kwana a can, har 'yan sanda suka tarwatsa su da hayaƙi mai sa hawaye. A wannan zaman ne aka ga Kiristoci sun kewaye Musulmi suna gadinsu har su idar da salla. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka shiga yajin aiki ranar 9 ga wata, an rasa rayuka a Kano da Legas da wasu garuruwa, ranar 16 ga wata kuma gwamnati ta sauko da farashi zuwa naira 97.

Ana cikin wannan zanga-zanga, Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Faruk Lawan, ɗan majalisa mai wakiltar Ɓagwai da Shanono daga jihar Kano a lokacin. Rahoton da kwamitin ya fitar a watan Afrilu 2012 ya girgiza ƙasa. An ware naira biliyan 245 don tallafi a kasafin 2011, amma abin da aka biya ya haura tiriliyan 2. Kamfanonin da ke shigo da mai sun tashi daga 5 a 2006 zuwa 140 a 2011. Akwai waɗanda aka biya su kuɗin man da ba su kawo ko ɗigo ba. Kwamitin ya ƙiyasta asarar da aka yi tsakanin 2009 da 2011 a kan dala biliyan 6.8. Abin baƙin ciki, shi kansa shugaban kwamitin kotu ta same shi da laifin karɓar cin hancin dala 500,000 daga wani attajirin mai, aka yanke masa hukuncin ɗauri a 2021, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da ɗaurin shekara biyar a 2024. Wannan ya nuna irin zurfin ramin: har mai binciken ya faɗa ciki.

Man da ke tsallaka iyaka

Duk inda abu ya yi araha a gari ɗaya ya yi tsada a na kusa, sai ya bi hanya. Shekara da shekaru fetur ɗin Najeriya yana fita ta Jibiya zuwa Maraɗi, ta Illela zuwa Birnin Ƙonni, ta Maigatari da Kwangwalam zuwa ƙasar Damagaram, a jarkoki, a bayan babura, a tankunan motocin da aka faɗaɗa musamman don wannan sana'a. Haka abin yake ta Jamhuriyar Benin da Kamaru. Ko bayan da Nijar ta buɗe matatarta ta SORAZ kusa da Zinder a 2011, man Najeriya na gefen titi ya ci gaba da kasuwa domin ya fi araha. A watan Nuwamba 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya jefa mutanen garuruwan iyaka cikin wahala ba tare da ya kashe fasa-ƙwaurin ba. Bayan cire tallafi a 2023, hukumar da ke kula da harkar mai ta ce man da ake fitarwa daga daffo a kullum ya sauka daga sama da lita miliyan 60 zuwa ƙasa da miliyan 50. Wani ɓangare na raguwar mutane ne suka ajiye motocinsu, wani ɓangaren kuma man da dama can ba a cikin ƙasa ake shan sa ba.

Ba mu kaɗai ba ne

Hukumar Makamashi ta Duniya da ke birnin Paris ta lissafa cewa a 2022, shekarar da yaƙin Rasha da Yukren ya ɗaga farashi, tallafin da gwamnatocin duniya suka biya don sauƙaƙa fetur da gas da kwal da wutar da ake samu daga gare su ya haura dala tiriliyan 1 a karon farko. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce idan aka haɗa da ɓarnar hayaƙi ga lafiyar mutane da ɗumamar yanayi, waɗanda ba a sa su cikin farashi, kuɗin ya kai dala tiriliyan 7. Ƙasashe masu arzikin mai irin su Iran da Saudiyya da Rasha da Libiya da Banizuwela suna sahun gaba. Ƙasashen Turai ma, masu yi wa wasu wa'azin a cire, sun zuba maƙudan kuɗi a wannan shekara don rage wa mutanensu tsadar gas da wuta. Ƙasashe 20 mafi ƙarfin tattalin arziki sun yi alkawarin janye irin wannan tallafi tun 2009 a taronsu na Pittsburgh da ke Amurka, an maimaita alkawarin a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, amma har yanzu ana biya.

Dalilin da ya sa yake da wuyar cirewa a bayyane yake. A Sudan an kashe mutane da yawa a zanga-zangar Satumba 2013. A Ekwado shugaba Lenin Moreno ya cire tallafi a Oktoba 2019, cikin mako biyu ya mayar. A Iran ƙarin farashi na Nuwamba 2019 ya jawo zubar da jini. A Kazakistan ƙarin kuɗin gas ɗin mota ne ya kunna tarzomar Janairu 2022.

Amma akwai waɗanda suka bi ta wata hanya, kuma su ne ya fi dacewa mu duba. Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, ta ƙara farashin mai sosai a 2005, amma ta haɗa da raba kuɗi hannu da hannu ga miliyoyin gidajen talakawa. Daga 2007 ta shiga raba wa gidaje ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 da murhunta kyauta, don su bar kananzir kafin a janye tallafinsa. Iran ta fara zuba wa iyalai kuɗi a asusun banki tun kafin ranar ƙarin da ta yi a Disamba 2010, kowa ya ga kuɗinsa a ajiye, shi ya sa wancan karon ya wuce lafiya, ko da yake hauhawar farashi ta cinye darajar kuɗin daga baya. Saudiyya ta buɗe asusun tallafa wa 'yan ƙasa a ƙarshen 2017, sannan ta ƙara kuɗin fetur a farkon 2018. Indiya ta koma tura tallafin gas ɗin girki kai tsaye zuwa asusun mai saye, daga 2016 kuma ta shiga ba matan gidajen talakawa tukunyar gas. Babu ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare da ba shi da aibi. Abin da ya haɗa su shi ne an tanadi madadi tun kafin a taɓa farashi, ko a tare da shi.

29 ga Mayu 2023

Dokar masana'antar mai da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Agusta 2021 ta tanadi a bar kasuwa ta yanke farashi, amma a farkon 2022 aka ɗage aiwatarwa da wata 18. Kasafin 2023 ya ware kuɗin tallafi na wata shida kawai. Manyan 'yan takarar shugaban ƙasa uku, Tinubu da Atiku da Obi, duk sun ce za su cire. Saboda haka cirewar ba ta zo da mamaki ba. Yadda aka yi ta ne ya zo da mamaki. Ranar rantsar da shi, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar a cikin jawabinsa cewa tallafi ya tafi. Kafin dare gidajen mai sun rufe, 'yan bumburutu sun fito da galan-galan. Cikin kwana biyu NNPC ya ɗaga farashi daga ƙasa da naira 200 zuwa tsakanin 488 da 557, gwargwadon nisan gari daga teku. A watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta tashi daga kimanin naira 460 har ta wuce 1,500 a 2024. Tunda da dala ake sayo fetur, sai farashi ya sake hawa, ya haura naira 1,000 a Oktoba 2024. Hauhawar farashin kaya ta wuce kashi 34 cikin 100 a wannan shekara, ta abinci kuma ta kai wajen kashi 40.

Ba sai an ba mutumin Jakara labarin abin da ya biyo baya ba. Kun ga ma'aikata da 'yan makaranta suna taka sayyada daga cikin gari zuwa Sabon Gari. Kun ga mai A Daidaita Sahu yana yawo babu fasinja, ga kuɗin balas na jiran sa da yamma. Kun ga jarkar ruwa ta ƙara kuɗi, gidajen da suka fara girki da gas sun koma gawayi da itace, wanda hakan ke nufin ƙarin sare bishiyoyi a ƙasar da hamada take matsowa, da ƙarin hayaƙi a ƙirjin mata. A Agusta 2024 zanga-zangar tsadar rayuwa ta ɓarke, a Kano ta rikiɗe ta zama ɓarna da asarar rayuka har aka sa dokar hana fita.

Matakan rage raɗaɗi sun zo ne daga baya. An sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha a Agusta 2023, da naira 25,000 a wata na tsawon wata uku ga gidaje miliyan 15, da alkawarin motoci masu amfani da iskar gas. Mafi ƙarancin albashi bai tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 ba sai a Yuli 2024, fiye da shekara guda bayan cirewar, jihar Kano kuma ta tsayar da nata a kan 71,000. Wannan ma mai karɓar albashi ya shafa. Mafi yawan mutanen cikin birni 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu, ba su da albashin da za a ƙara. A Satumba 2024 matatar Alhaji Aliko Ɗangote da ke Lekki, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur. Ta rage dogaro da na waje kuma layin mai ya yi sauƙi, amma ita ma a farashin duniya take sayen ɗanyen mai, don haka ba za ta dawo da lita naira 200 ba.

Ra'ayin mai wannan darasi shi ne tallafin fetur, a yadda ake tafiyar da shi a da, bai cancanci a ci gaba da shi ba. Yana fifita mai hali, yana ciyar da ɓarayin takarda, yana tsallaka iyaka, kuma da bashi ake biyan sa. Amma cire shi a rana ɗaya, ba motocin haya masu araha, ba sahihiyar rajistar mabuƙata, ba wutar da za ta raba tela da janareta, zalunci ne ga wanda ba shi da laifi a ɓarnar da aka yi. Kuna da 'yancin saɓa wa wannan ra'ayi, da sharaɗin ku kawo hujja.

Ina kuɗin suka tafi?

Kuɗin da aka daina biya bai ɓace ba. Kafin cirewar, abin da tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi suke rabawa a wata yakan tsaya tsakanin naira biliyan 600 da 800. Kafin ƙarshen 2023 ya haura tiriliyan 1, yana kuma ta ƙaruwa tun daga lokacin. Gaskiya ne faɗuwar naira ta rage wa kuɗin ƙarfi, kuma biyan bashi yana cin kaso mai yawa. Duk da haka jihar Kano da ƙananan hukumominta 44 suna karɓar kuɗi fiye da da. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ana buga abin da kowace jiha da ƙaramar hukuma ta samu duk wata, jaridu da gidajen rediyo suna kawowa. A da, ɗan rabonku yana zuwa ne ta famfon gidan mai. Yanzu ya kamata ya zo ta famfon ruwa, da asibitin unguwa, da ajin yaranku, da magudanar da ke hana kogin Jakara shiga gidaje da damina. Mazaɓar Jakara tana da kansila, tana ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Birni da Kewaye, tana da wakili a majalisar jiha. Tambayar su abin da aka karɓa da abin da aka yi da shi ba rashin kunya ba ne, haƙƙi ne.

Aiki

1. Mai A Daidaita Sahu yana shan lita 10 a rana. Nawa yake kashewa a kwana 30 idan lita tana naira 195? Nawa ne idan tana naira 1,000? Idan yana ɗaukar fasinja 80 a rana, nawa zai ƙara wa kowane fasinja don ya mayar da bambancin?

2. Ku rubuta abubuwa biyar da gidanku yake saya kullum ko duk mako. A gaban kowanne ku bayyana ta inda fetur yake shiga farashinsa.

3. Ku kasu gida biyu a aji. Ɓangare ɗaya ya kare mai cewa a dawo da tallafi, ɗaya ya kare mai cewa a zuba kuɗin a ruwa da asibiti da sufuri. Malami ya tabbatar mata sun samu damar magana daidai da maza, domin su ne suka fi sanin farashin gawayi da markaɗe.

Aiki na ƙarshe na gida ne. Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowa ya nemo adadin kuɗin da ƙaramar hukumarsa ta karɓa a watan da ya wuce, ko ta rediyo, ko ta jarida, ko ta wayar ɗansa. Ku zo da shi a rubuce. A aji za mu haɗu mu tsara wasiƙa guda zuwa ga kansilan mazaɓa, mu ambaci aiki ɗaya da unguwa ta fi buƙata, kowa ya sa hannu da sunansa da ya koyi rubutawa.